Albasar Aliero da Hatimin Sabuwar Jiha

Litinin, 9 ga Maris 1992, bayan la'asar

Na gama buga takardar. Fom uku na ɓata kafin na huɗu ya fito tsaf, babu goge ko ɗaya. Tafiretar makarantarmu ce hedimasta ya ara mini, harafin "e" ɗinta yana maƙalewa, sai na sa farce na ɗago shi. A Kebbi akwai shi, a Jega akwai shi, a Aliero akwai shi. Farcena ya ji jiki.

Bari in rubuta yadda abin yake don kada in manta wata rana. Ƙungiyar manoman albasa ta su Baba Labbo, mutum arba'in da 'yan kai daga Aliero da Kimba da nan Jega, za ta kai albasa Lome da sunanta, karon farko. Da can dillalai ke zuwa su saye a bakin gona su wuce da ita. Yanzu akwai yarjejeniyar ƙasashen Ekowas: in kayan gona na ɗaya daga cikin ƙasashen ne, kuma da takardar shaidar asalin kaya mai nuna inda aka noma su, ba a karɓar kuɗin fito a kan iyaka. Ita ce na buga. Malam, maigidana, shi ne sakataren ƙungiyar, shi zai bi motocin. Ni kuwa malamar aji biyar ce da ta iya tafireta.

Baba Labbo, shugaban ƙungiyar, ya zo da kansa daga Aliero ya zauna a zaure, ina karantawa ina fassara masa. Da na kai wurin sunan jiha na ce Kebbi, sai ya ɗaga hannu.

"Malama, ki sa Sakkwato. Duniya Sakkwato tas sani. Wagga jiha tamu ko wata bakwai ba ta cika ba."

Na ce, "Baba, ina aka noma albasar?"

"Aliero."

"Aliero wace jiha take yau?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ke da mijinki Haliru kun hi ni boko. Ku yi yadda kunka gani."

Ya kawo mini kyautar albasa cikin kwano. Yana fita na kai ta bayan ɗaki na rufe da faifai. Ni da na girma cikin warinta, yau ko kusa da ita ban iya tsayawa. Na san dalili. Ba zan rubuta ba. Amma tun ɗazu nake murmushi ni kaɗai.

Laraba, 11 ga Maris, bayan shan ruwa

Malam ya dawo daga Birnin Kebbi da hatimi a kan takardar. Ya ce ofis ɗin sabo ne fil, ɗaki ɗaya, tebur ɗaya, fenti ma bai gama bushewa ba. Jami'in ya faɗa masa tamu ce takardar albasa ta farko da ta zo gabansa. Sai da ya gwada hatimin sau biyu a gefen jarida kafin ya buga mana.

Malam ya sa ta cikin leda, ya sa ledar cikin ambulan, ya sa ambulan cikin jaka. Tun da muka sha ruwa sau uku yana fito da ita yana dubawa. Na ce masa tawada za ta koɗe da kallo. Ya ce in bar shi, bai taɓa ganin sunan garinmu ya yi kyau haka ba.

Jumma'a, 13 ga Maris, kafin masallaci

Lodi a Aliero. Na bi Malam da sassafe tunda babu makaranta sai goma, kuma na roƙi a riƙe mini aji. An buɗe rudu-rudun da aka adana albasar, ja wur, ta bushe sosai, ɓawonta yana ƙara a hannu. Maza na ɗinke bakin buhu da basilla, wasu na ɗauka a ka suna hawa katako zuwa cikin motocin. Manyan motoci biyu. Kowa da azumi a bakinsa, amma ba ka jin komai sai raha.

Hamidu, Bafillacen Kimba, wanda ke da shanu kuma yana da fadamar albasa, ya zo da bula a gwangwani yana sa wa buhunansa alama. Baba Labbo ya karɓe gwangwanin ya miƙa wa Malam ya ce a rubuta KEBBI a jikin kowane buhu, baƙi manya. Mutumin da ranar Litinin yake ce mini in sa Sakkwato. Na kalle shi, ya kau da kai yana gyara rawani.

Na tsaya can nesa gindin darbejiya, ta inda iska ba ta kawo mini warin. Na ji matan gidan Baba suna cewa malamar Jega ta fara ƙyamar sana'ar iyayenta. Su faɗa. Daɗi ma na ji.

Asabar, 14 ga Maris, hantsi

Sun tafi bayan asuba.

Na raka shi har zaure. Ya saɓa jaka, na ce, "Malam."

"Na'am, Naja."

Maganar ta zo har bakina. Sai na ce, "Ka riƙa shan ruwa da yawa da sahur."

Ya tsaya yana kallona. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Sau biyu a baya na yi gaggawar faɗa masa. Sau biyu na ga yadda fuskarsa ta koma daga baya, yana ƙoƙarin ba ni haƙuri alhali shi ma yana bukata. Wannan karon sai na wuce inda na saba tsayawa. Saura mako biyu da kwana ɗaya. Ya ce kwana goma zai yi.

Lahadi, 15 ga Maris, azahar

Gidan shiru. Na share tsakar gida sau biyu.

Talata, 17 ga Maris, bayan la'asar

Gwaggo ta iso daga Maiyama da ƙullin kayanta da tulun man shanu. Malam ne ya aika mata ta zo ta taya ni zama, bai faɗa mini ba. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara shida.

Ba ta yi awa ɗaya a gidan ba. Ta shiga madafi, ta ɗauko albasa za ta yanka, na fita da sauri. Da na dawo tana zaune a kan turmi, wuƙa a hannu, ba ta yanka komai ba.

"Tun yaushe?"

Na nuna mata da yatsu.

"Kuma kina azumi."

"Gwaggo, ina iyawa."

"Ban tambaye ki ba. Gobe ki sha, ki rama baya. Mijinki ya sani?"

Na girgiza kai. Ta tashi ta kwashe duk albasar gidan ta kai wa maƙwabta. Na ji ta ta katanga tana cewa wai ta yi mana yawa.

Miyar yau babu albasa. Ban taɓa cin tuwo mai daɗinsa ba.

Alhamis, 19 ga Maris, magariba ta kusa

Wani direban Jega da ya dawo daga can ya kawo wasiƙar Malam. Sun wuce iyaka ta farko lafiya. A ta biyu, inda ake Faransanci, an tsayar da su tun ranar Litinin.

Babban jami'in kwastan na wurin yana da jerin jihohin Nijeriya a littafinsa, guda ashirin da ɗaya. Babu Kebbi a ciki. Lambar motocin ta Sakkwato ce, rajistar ƙungiya ta Sakkwato ce, takardar asalin kaya kuma ta ce Kebbi. Ya ce bai san wata Kebbi ba, ba zai sa hannu a kan jihar da babu ita ba. Ya riƙe takardar yana zargin jabu ce. Ko sun yarda su biya kuɗin fito ba zai sake su ba sai an warware.

Malam ya ce mutumin ba mugu ba ne, har kujera ya ba shi. Ya ce sun sauke buhunan daga mota sun jera a inuwar mangwaro, saboda ƙarƙashin tamfol albasar ta fara zufa. A ƙasan wasiƙar ya rubuta: "Kada ki sa a ranki. Daidai kika buga."

Na sa a raina.

Jumma'a, 20 ga Maris, bayan la'asar

Sun yi taro a zaurenmu bayan masallaci, tunda takardun ƙungiya a nan suke. Ina daga ciki ina jin komai. Wani ya ce da an sayar wa dillalai kamar kullum da yanzu kowa ya huta. Wani ya ce noman rani guda ne za a zubar a gindin mangwaron wasu. Wani, na gane muryarsa amma ba zan sa sunansa nan ba, ya ce abin da ake samu ke nan in an ba mace tafireta.

Sai na ji Baba Labbo ya yi gyaran murya.

"Ni nac ce a sa Sakkwato, ita tac ce Kebbi, kuma ita ta hi ni gaskiya. Wa anka ba buhu yac ce kada a rubuta mai Kebbi? Duk kuna nan kuna tahi da murna. To ku yi shiru mu nemi mahita."

Na sa mayafi na tsaya a bakin ƙofa na gaishe su. Na ce mutumin hujja yake so, a kai masa hujja. Wasiƙa daga ofishin da ya buga hatimin, da kwafin takardar gwamnati wadda aka buga sunayen sababbin jihohi a ciki. Kuma a juya wasiƙar zuwa Faransanci, don ya karanta da idonsa ba ta bakin tafinta ba.

Baba ya ce Litinin ni da shi za mu Birnin Kebbi.

Gwaggo ba ta yi mini magana ba tun ɗazu. Hanyar ce ba ta so, ramukanta.

Asabar, 21 ga Maris, hantsi

Rana tun da safe kamar wuta. Ina ta tunanin inuwar mangwaro, ko tana da faɗi.

Litinin, 23 ga Maris, bayan shan ruwa

Mun je mun dawo.

Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafata. A tasha ta sayi kujeru biyu na gaba, ta shimfiɗa mini zane ninki huɗu, ta ce wa direba in ya faɗa rami ɗaya da gudu za ta sauka ta kai ƙararsa wurin uwarsa, ta san gidansu. Tafiyar da ake yi a ƙasa da awa ɗaya sai da muka yi awa ɗaya da rabi. Baba Labbo yana baya yana tambaya ko motar ce ba ta da lafiya.

Jami'in ofis ɗin, da ya ji labari, ya dafe kai, sannan ya fashe da dariya, sannan ya ba mu haƙuri don dariyar. Ya ce shi tunaninsa bai taɓa kai wa nan ba. Nan take ya rubuta wasiƙar da hannu. Mai buga masa takardu ba ta zo ba, sai na zauna a kan tafiretarsu na buga da kaina. Sabuwa ce, harafinta ba ya maƙalewa, kamar in ɗauke ta in gudu. Takardar gwamnatin kuwa sai da muka shiga ofis uku kafin aka samo ta a cikin wani kwali da ba a kwance ba tun da aka kwaso kaya daga Sakkwato. Aka yi mana fotokwafi biyu, ya buga hatimi a kan kowanne.

Da za mu fito ya ce wa Baba, in sun sake yin lodi su riƙa haɗawa da waɗannan tun daga gida, shi ma zai riƙa faɗa wa duk wanda ya zo.

Na gaji, amma gajiya mai daɗi. A hanya na ga ana sayar da goruba na ce ina so, Gwaggo ta tsayar da mota guda saboda goruba.

Talata, 24 ga Maris, bayan la'asar, a Maiyama

Malam Ayuba ya tsufa, amma yana ganina ya kira sunana duka, Naja'atu, har da lambar kujerata a aji. Shi ya koya mana Faransanci a sakandare, ni kuwa ban riƙe komai ba sai gaisuwa. Gidansa yana bayan na Gwaggo.

Ya sa tabarau ya karanta wasiƙar sau biyu, ya juya ta cikin rabin awa, yana faɗa a bayyane yana jin daɗin kalmomin a bakinsa. Ya ce shekara uku rabon da wani ya nemi Faransancinsa. Na zo da tafiretar makaranta, na buga yana tsaye a kaina. 'Yan ƙananan alamomin da suke sawa a kan baƙaƙe babu su a tafireta, shi ya bi da biro ya ɗiga su ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙi karɓar komai. Ya ce in albasa ta isa Lome a zo a faɗa masa, ya ishe shi.

Da na zo rufe ambulan na tsaya. Lissafina ya nuna saura kwana biyar. Amma na tuna shi can a rana, kwana tara yana juya buhuna da azumi a baki, ba shi da wani abin farin ciki ko ɗaya. Na yagi takarda daga littafin nan na rubuta masa layi biyu da Hausa. Ba zan maimaita su a nan ba. Na ninke ƙanƙane na tura tsakanin takardun.

Laraba, 25 ga Maris, hantsi

Hamidu ne zai kai. Ya saba bin hanyar zuwa kasuwannin shanu, yana jin Fillanci da Zabarmanci, kuma buhunansa goma sha biyu na can. Na damƙa masa ambulan na ce a hannun Malam zai sa. Ya ce, "In Allah ya so, Malama, jibi war haka yana hannunsa." Ya cusa shi cikin aljihun 'yar ciki ya maƙale da fil.

Alhamis, 26 ga Maris, azahar

Ban je makaranta ba. Tun asuba marata ke ciwo. Ban tashi ba. Gwaggo na zaune a bakin gado da carbi. Ya Allah, ba yanzu ba.

Jumma'a, 27 ga Maris, bayan la'asar

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Mun je asibiti. Sista ta duba ni da kyau, ta daɗe. Ta ce babu abin da ya taɓu, gajiya ce da jijjigar mota. Hutun mako guda a kwance, ban da ɗaukar ko buta. Gwaggo ta tambaye ta sau uku, sau uku ta ba ta amsa iri ɗaya. Da muka fito Gwaggo ta zauna a kan benci ta rufe fuska da mayafi. Na ɗauka kuka take, ashe har da dariya.

A gida ta yi mini faɗan da ta tara tun ranar Jumma'ar da ta wuce, tana yi tana dama mini kunu. Na shanye kofi biyu.

Na yi nadamar layi biyun nan jiya. Yau ban yi ba.

Lahadi, 29 ga Maris, hantsi

Yau ne ranar. Na wuce.

Na kwanta ina kallon rufin ɗaki ina jin tattabarun maƙwabta. Babu labari daga iyaka. Ya kamata in damu, kuma na damu, amma daɗin ya fi ƙarfin damuwar, har kunya nake ji.

Talata, 31 ga Maris, bayan azahar

Hamidu ya dawo. Sun wuce! Tun ranar Jumma'a da yamma aka sake su.

Na fito zaure duk da hararar Gwaggo. Ya ce jami'in ya karanta wasiƙar Faransancin, ya ɗauko littafinsa, ya sa biro ya rubuta sunayen sababbin jihohin duka tara a ƙasan tsofaffin, yana kwafa daga takardarmu. Da ya zo kan Kebbi ya tambayi Malam yadda ake faɗinta, ya maimaita har sau biyu. Sannan ya buga hatimi. Ba a karɓi kuɗin fito ba.

Albasa ta yi asara, wajen buhu talatin aka tsince aka zubar, saura lafiya lau. Mutanen garin ne suka riƙa kawo musu abin shan ruwa kullum, su kuma suka bar musu wadda ta fara laushi amma tana ciyuwa.

Wani abu dai ban gane ba. Duk labarin nan Hamidu bai kalli inda nake ba sau ɗaya, ƙasa yake kallo yana danne murmushi. Da zai tafi ya ajiye ƙwaryar nono mai kauri ya ce matarsa ce ta aiko, in riƙa sha. Na tambaye shi ko ya sa ambulan a hannun Malam. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ya dai isa, Malama," ya fice.

Alhamis, 2 ga Afrilu, bayan la'asar

Wani abu na faruwa a garin nan.

Jiya matan gidan Baba Labbo sun zo tun daga Aliero, su da suka ce ina ƙyamar sana'ar iyayena. Sun kawo kaji biyu da ƙwai. Babbar ta riƙe hannuna ta ce in yahe musu, ba su sani ba. Yau matar hedimasta ta aiko da zogale, da saƙon wai kada in yi gaggawar komawa aji. Mutumin nan ma da ban sa sunansa ba ya aiko da rake.

Na ce, "Gwaggo, ke kika faɗa."

Ta ajiye muciya ta ce bakinta da azumi, ko 'yar'uwarta ta Maiyama ba ta faɗa wa ba. Na yarda da ita. To wa?

Asabar, 4 ga Afrilu, hantsi

Sallah. Ba ya nan, amma yana hanya. Gwaggo ta yi mini lalle, na ci naman kazar Aliero. Baba Labbo ya biyo bayan Idi ya tsaya daga zaure, na yunƙura zan fito ya ce, "Zamna inda kike, ɗiyata, kada ki tashi." Shi ma.

Litinin, 6 ga Afrilu, magariba ta kusa

Ya dawo. Ya yi baƙi, ya rame, leɓensa ya tsage. Mai sayen albasar a Lome ya karɓe duka, yana son wata kafin damina.

Sai da mutane suka watse daga zaure, ya yi wanka, Gwaggo ta tsiri zuwa maƙwabta, sannan ya shigo ya zauna a bakin gado. Yana ta murmushi. Na ce ya faɗa mini me ke faruwa, garin nan kowa kallona yake.

Ya ce lokacin da Hamidu ya iso, shi yana can gindin mangwaro hannunsa dumu-dumu da ruɓaɓɓiyar albasa. Jami'in kuma yana shirin tashi daga aiki, gobe Asabar, in ya tafi sai Litinin. Sai ya ce wa Hamidu ya ruga ya miƙa ambulan kai tsaye, shi yana wanke hannu ya biyo shi.

Na ce, "Malam, a'a."

Ya ce, "Wallahi."

Jami'in ya zazzage komai a kan tebur. Ya karanta ta Faransanci, ya duba ta Turanci, ya duba kwafin. Sai ya ga 'yar takarda a ninke da harshen da bai sani ba. Mutum ne mai bin ƙa'ida, ba zai sa hannu ba sai ya san me ke cikin kowace takarda. Ya kira tafinta ya ce ya karanta a bayyane, ya fassara. Ofis cike, direbobinmu biyu, Hamidu, direbobin wasu motocin da ke jiran layi. Malam yana shigowa ke nan, hannunsa da danshi, ya ji ana karanta rubutuna.

Na ja mayafi na rufe kaina gaba ɗaya. Daga ciki na ce, "Sai me?"

Ya ce tafinta ya juya wa jami'in. Jami'in ya cire tabarau ya tambaya wane ne mai wannan takarda. Malam ya ce shi ne, ya zauna a kan benci. Jami'in ya zagayo daga bayan tebur, ya ninke takardar yadda na ninke ta, ya sa masa a tafin hannu, ya ce wannan ba ta gwamnati ba ce. Ya tambaye shi shekara nawa da aure. Ya ce tara. Mutumin ya jinjina kai, ya ce shi sai da ya yi goma sha ɗaya. Sannan ya koma ya ɗauki hatiminsa.

"Direbobin nan," in ji Malam, "tun daga can har Lome, daga Lome har Jega, ba wanda ya sake kirana Haliru, sai baban jariri. Kuma kin san Hamidu ya riga mu isowa, ta tasha ya biyo."

Na ce ba zan ƙara fita ƙofar gida ba har abada. Ya ce to, shi zai riƙa kawo mini fom ɗin ƙungiya har ɗaki, don akwai lodi na biyu kuma Baba ya ce ba mai taɓa tafireta sai ni.

Ya ɗage gefen mayafin a hankali. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Naja, kina lafiya? Ki faɗa mini gaskiya."

Na faɗa masa komai, har da ranar Alhamis. Ya riƙe hannuna har aka kira salla.

Talata, 7 ga Afrilu, hantsi

Ya tafi Maiyama ya faɗa wa Malam Ayuba albasa ta isa. Gwaggo na tsakar gida tana waƙa ƙasa-ƙasa, ta ce ba za ta koma ba sai bayan suna.

Jami'in wata ƙasa ya sani, tafintansa ya sani, tashar Jega ta sani, Aliero da Kimba sun sani. Littafin nan ne kaɗai ban faɗa wa ba.

Ina da ciki. Ya shiga wata na huɗu. Ban taɓa kaiwa nan ba.